Evo mai doki 600 da aka sa a kasuwa: in saya ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum, Yaya. Ina aiki a Dalas ta jihar Teksas, na ɗan tara kuɗi, kuma na ga wata Mitsubishi Lancer Evolution IX MR ta 2006 an sa ta a kasuwa kan dala 38,000. Mai ita ya ce an sake gina injin, an sa mata babban tarbo, tana shan E85, wato man da aka gauraya itanol da fetur, tana ba da ƙarfin doki 600 a taya. Nufina in riƙa zuwa aiki da ita, ranar hutu in je tsere, wataƙila nan gaba in tura ta gida. Ita kaɗai za ta zama motata. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin saƙonka shi ne inda ka ce ita kaɗai za ta zama motarka. Da ka ce kana da wata tsohuwar Corolla a ajiye, wadda za ta kai ka aiki duk ranar da wannan ta kwanta, da amsata ta zo da sauƙi. A yadda ka faɗa kuwa, shawarata kada ka saya, sai in motar ta ci jarrabawar da zan faɗa maka, kuma bayan ka biya akwai sauran kuɗin wani injin a asusunka. Na daɗe ina kwance irin waɗannan injuna, kuma ina son Evo so na gaske, don haka kada ka ɗauka maganar tsoho ce wanda ba ya son yara su ji daɗi.

Ka fara da sanin abin da Mitsubishi ta ƙera. Evo IX da aka sayar a Amurka a 2006 tana ɗauke da inji 4G63, silinda huɗu, lita biyu, gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe, kuma doki 286 kamfanin ya rubuta mata, a kan inji ke nan, kafin giya da tayoyi huɗu su ci rabonsu. In ka ɗora wadda ba a taɓa ba a kan na'urar awon ƙarfi, wadda muke kira daino, abin da zai iso taya ɗari biyu da 'yan kai ne. Mai motarka yana cewa 600. Ka ga an ninka wa injin aiki fiye da sau biyu, daga lita biyun nan dai. Babu ƙarya a cewa 4G63 yana iya wannan har ya wuce, da haka ya yi suna tun zamanin Galant VR-4 da Eclipse. Sai dai ba ya yi da kayan cikinsa na kamfani. Sai an canza fistin da sandunan da ke haɗa su da karanshaf zuwa masu ƙwari, an ɗaure kan inji da ƙusoshi masu ƙwari na kamfanin ARP, an ƙara girman nozul da famfon mai da intakula mai sanyaya iskar tarbo, an sa kulochin da zai riƙe, sannan wani ya zauna da kwamfuta ya koya wa ƙwaƙwalwar motar yadda za ta tafiyar da su gaba ɗaya. Motar kamfani tarin injiniyoyi ne suka gwada ta cikin zafi da sanyi kafin ta fito. Wannan kuwa mutum biyu ko uku ne suka harhaɗa ta, kuma aikin hannunsu kuɗinka zai saya. In ba ka san su ba, cinikin biri a sama kake shirin yi.

Saboda haka, kafin ka ƙona man zuwa ganinta, ka tambayi mai ita me yake nufi da "an sake gina injin". Na ga injin da aka kira da wannan suna alhali ringi da gaskit kawai aka canza masa. Na ga wanda aka zuba wa kaya masu tsada amma wanda ya haɗa bai auna tazarar metal ba, wato 'yan farantan da karanshaf ke juyawa a kansu, ya ɗaura kawai ya ce Allah ya tsare. Gareji na ƙwarai in ya haɗa inji yana ba da takarda: wane fistin, waɗanne sanduna, nawa ne tazara tsakanin fistin da bangon silinda, nawa ce ta bakin ringi, nawa ce ta metal, da ranar da aka gama. Ka nemi wannan takardar da rasiɗan kaya, ka duba kwanan wata, ka kwatanta da abin da agogon mil yake nunawa yau. Sannan ka kira garejin da kanka. Makanikan da ke wannan harka ba su da yawa, suna tuna motocin da suka fita daga hannunsu, kuma yadda mutum zai yi shiru na ɗan lokaci kafin ya ba ka amsa ya isa ya gaya maka abu da yawa.

Batun fistin yana da wani ɗan sirri da masu saye ba sa tambaya. Fistin ɗin tsere iri biyu ne aka fi gani, na gaurayen alminiyam 2618 da na 4032. Na 2618 ya fi jure azaba, shi ake sa wa inji mai matsin iska sosai, amma yana kumbura da yawa in ya ji zafi, don haka ake bar masa tazara mai faɗi. Da safe in ka tayar da injin za ka ji yana kaf-kaf-kaf har sai ya ɗumama. Wannan ba ciwo ba ne, halinsa ne, amma kowace tayarwar sanyi tana cin bangon silinda kaɗan-kaɗan. Motar da ake fita da ita sau biyu a wata ba ta damu ba. Motar da za a tayar kowace safiya a je aiki, a tayar da rana a je cin abinci, a tayar da yamma a dawo, lissafinta daban ne. Injin da aka gina don doki 600 ba a ƙidaya masa rayuwa da ma'aunin Camry.

Yanzu ita lambar 600 ɗin. Takardar daino ba ta burge ni. Na'urorin ba sa karatu iri ɗaya: mota guda a rana guda, na'urar kamfanin Dynojet za ta ba ta lamba mai daɗi, ta kamfanin Mustang ta ba ta ƙasa da haka, kuma mai na'urar yana iya taɓa lissafin gyaran yanayi lambar ta ƙara kumbura. Akwai kuma masu ɗaga matsin iska na ja ɗaya tak don hoto, su sauke bayan an ɗauka. Abin da ba ya karɓar cin hanci shi ne 'yar takardar da ake miƙa maka a filin tsere bayan ka gama rubu'in mil, wato ƙafa 1,320, mita 402. A jikinta akwai daƙiƙun da ka ɗauka a ƙafa 60 na farko, da na rabin hanya, da na ƙarshe, da kuma gudun da kake yi lokacin da ka tsallake layi. Daƙiƙu suna nuna gwanintar direba da kamun taya. Gudun ƙarshe shi ke tona asirin inji. Evo da direbanta tana kusan kilo 1,550. In da gaske doki 600 ke isa taya, ya kamata ta tsallake layi da mil 130 a awa zuwa sama. In ya nuna maka takarda mai mil 115, motar ɗari huɗu ce ko kusa da haka, komai abin da tallar ta ce. In kuma ya ce bai taɓa kai ta fili ba, sai ka tambayi kanka a ina aka yi ta gwada dokin nan 600 duk shekarun nan.

Abin da ke kashe irin waɗannan motoci, fiye da komai, shi ne mai da saitin ƙwaƙwalwa, kuma a nan zan daɗe. A gida in an ce inji ya buga, ana nufin ya riga ya mutu. Akwai wata ƙwanƙwasa da ke zuwa kafin mutuwar. Tarbo yana cusa iska cikin silinda da ƙarfi, matsi da zafi su hau, sai ragowar man da wutar filogi ba ta kai gare shi ba ya fashe da kansa. Wannan fashewar tana dukan kan fistin kamar guduma, ta karya gefen da ke riƙe ringi, ta daki metal. A injin kamfani na'urar jin ƙwanƙwasa tana ja da wuta baya ta cece shi. A matsin da ake buƙata don doki 600, sama da 30 galibi a ma'aunin matsi na psi, daƙiƙa biyu ko uku sun isa. Lambar oktan ita ce ma'aunin juriyar mai ga wannan fashewa, kuma dalilin da ya sa masu tarbo ke son E85 ke nan: yana da oktan mai yawa, kuma yana sanyaya iskar da ke shiga. Amma yana da sharaɗi. Injin yana shan sa fiye da fetur da kusan kashi 30 cikin ɗari, shi ya sa nozul da famfo dole su yi girma. Kuma abin da aka rubuta wa E85 a famfon gidan mai ba kullum ne 85 ba. Ƙa'idar Amurka ta yarda itanol ɗin da ke ciki ya kama daga kashi 51 zuwa 83, gwargwadon yanayi da wuri. Motar da aka saita a kan mai mai kashi 80, ka zuba mata mai kashi 60 ka taka totur har ƙasa, saitin da ke cikinta ba na wannan man ba ne.

Don haka ka tambaya: akwai na'urar da ke auna itanol a layin mai, ta gaya wa ƙwaƙwalwa ta gyara kanta? Ko kuwa taswira biyu ce, wato saiti biyu a cikin ƙwaƙwalwa, ɗaya ta fetur mai lambar oktan 93 ɗaya ta E85, direba ke sauyawa da hannu? In ta biyun ce, wata rana za ka manta. Wani yaro ya taɓa kawo mini irin wannan motar a bayan janwe, sati uku da saye. Ya tashi tafiya, bai sami E85 a hanya ba, ya cika da fetur, ya manta bai sauya taswira ba, wata mota Mustang ta tsaya gefensa a fitila, ya taka totur har ƙasa don tsere da ita. Da muka cire kan inji, fistin na silinda ɗaya ya narke ta gefe kamar kyandir. Wanda ya sayar masa bai yi masa ƙarya ko ɗaya ba, motar lafiyarta ƙalau aka ba shi.

Ka kuma san wa ya yi saitin, yana raye a harkar, yana ɗaga waya, kuma bai kulle fayil ɗin da lambar sirri ba. Evo tana da sa'a a nan, domin ƙwaƙwalwarta ta kamfani ana iya sake rubuta ta da manhajar EcuFlash, a ɗauki bayanan tafiyarta da manhajar EvoScan, kuma masu iya wannan suna da yawa. Wasu kuwa suna cire ta gaba ɗaya su sa ta kamfanin AEM ko Haltech ko Link. Ko wacce ce, ka roƙi mai motar ya yi ja ɗaya a giya ta uku ko ta huɗu, a kan daino, yana ɗaukar bayanai, ka kai wa mai saitin da kai ka zaɓa ya karanta. Zai duba ƙidayar ƙwanƙwasa, da yawan mai a kan iska, da ko matsin mai yana faɗuwa in inji ya hau sama, da ko nozul sun ƙure. Kuɗin awa ɗaya na daino shi ne mafi arhar kuɗin da za ka kashe a wannan cinikin.

Ranar zuwa gani, ka ce kada ya tayar da ita kafin ka iso, kuma ka ɗora hannu a kan inji ka tabbatar da sanyinsa. Injin da aka ɗumama yana ɓoye hayaƙi da ƙara. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne yake ƙonewa, ko daga ringi, ko daga robar bawul, ko daga tarbo. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa, ruwa ne. Daga nan a wuce gareji, naka ba nasa ba. A auna matsin kowane silinda. Lambar kanta ta danganta da fistin da kam ɗin da aka sa, abin dubawa shi ne su huɗun su yi kusa da juna, kada bambanci ya wuce kashi goma cikin ɗari. A yi gwajin yoyon iska, wanda ake hura iska cikin silinda a saurari inda take fita: ta salansa, bawul ne, ta murfin zuba baƙin mai, ringi ne, kumfa a lagireto, gaskit ya tafi. A zura 'yar kyamara ta ramin filogi a ga kan fistin da bangon silinda. A cire bututun gaban tarbo a taɓa fankar: ɗan motsi gefe da gefe ana yafe shi, motsi ciki da waje ko alamar ta goga bango ba a yafewa. Ni nakan biya kuɗin sabon baƙin mai da filta daga aljihuna don a bar ni in yanka tsohuwar filtar in buɗe takardar cikinta a rana. In ka ga tana ƙyalli kamar an barbaɗa garin tagulla, metal ne ke narkewa, ka yi sallama ka tafi. Sannan ka leƙa ƙarƙashin sitiyari da bayan batir ka ga wayoyi. Mutumin da ya murɗe waya da hannu ya naɗe da salatif, haka ya yi a wuraren da idonka ba zai kai ba. Kar ka manta da bel ɗin tayimin, ana canza shi duk mil 60,000, kuma in ya tsinke bawul da fistin karo suke yi.

Duk wanda ya ce kada a yi wa motarsa waɗannan gwaje-gwajen ya riga ya ba ka amsa.

Sai abin da ke bayan inji, wanda a ganina ya fi injin saurin ba da kunya. An haifi Evo don tseren daji ne, kwana da tsakuwa da laka. Da ita Tommi Mäkinen ya ci gasar duniya sau huɗu a jere, daga 1996 zuwa 1999. Tashi daga tsaye a kan kankare mai danƙo wani aiki ne daban. Motar da ke ja da tayoyin baya, in ƙarfi ya yi mata yawa taya ce ke juyawa a banza ta yi hayaƙi, hayaƙin nan shi ke ceton ƙarafunan ciki. Mai ja da tayoyi huɗu ba ta da wannan mafita. Ka ɗaga inji zuwa juyi dubu shida ka saki kulochi, tayoyi huɗu su kama ƙasa, duk dukan sai ya sauka a kan giya, da akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya wanda muke kira taransifa, da sandunan taya. Kuma taka MR ce, mai giya shida. Duk mai harkar Evo ya san giya biyar ta sauran samfuran ta fi ta ƙwari in ƙarfi ya yi yawa, har mutane na cire mai shidan su sa mai biyar. Ka tambaya an taɓa buɗe giyar, wa ya buɗe, me aka sa. A gwajin tuƙi ka kashe rediyo, ka saurari kuka mai kama da busa da ke hawa da sauka tare da gudu, musamman in ka ɗaga ƙafa daga totur. Kukan taransifa ke nan in ta kama hanyar lahira. Mitsubishi ta daina ƙera Evo tun 2016, kayan wannan zubin sai ƙara wuya da tsada suke.

Zuwa aiki da ita kuma, ka zana hoton a ranka: watan Agusta, ƙarfe biyar na yamma, cunkoso a kan babbar hanya ta 635, zafi ya haura maki 38. Kulochi mai faranti biyu ko uku ba ya son a saki a hankali, yana kamawa gaba ɗaya, yana kuma ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Babban tarbo a kan lita biyu ba ya farkawa sai inji ya kai juyi dubu huɗu da rabi ko biyar. Ƙasa da nan motar ta fi ta kamfani kasala, sama da nan kuma ta zabura lokaci guda. Ka duba ko na'urar sanyaya ɗaki tana nan, da yawa suna cire ta don rage nauyi ko samar wa bututu hanya. Tankinta kusan galan 14 ne, ga E85 da saurin ƙarewa, za ka haddace duk gidajen man da ke sayar da shi tsakanin gidanka da wurin aiki. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma gara ka san yawan ruwan tun yanzu.

Akwai kuma hukuma. Teksas ta soke binciken lafiyar mota na shekara-shekara ga motocin gida daga farkon 2025, amma gwajin hayaƙi yana nan a gundumar Dalas da maƙwabtanta irin su Tarrant da Collin da Denton, ga motar fetur mai shekara 2 zuwa 24. Ta 2006 tana ciki. Gwajin kuwa ta soket ɗin OBD ake yin sa, na'ura ta tambayi ƙwaƙwalwar mota ko komai na aiki. Motar da aka cire wa tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikan gida ke kira indomi, ko aka sa mata ƙwaƙwalwar da ba ta kamfani ba, tana iya kasa wucewa, kuma in ba ta wuce ba babu sabunta rajista. Cire tukunyar kansa laifi ne a dokar tarayya ga motar da ke hawa titi. Ka tambayi mai ita a wace gunduma ya yi mata rajista da yadda ta wuce gwajin bara. Ka duba takardar mallaka ko tana da tambarin motar da ta taɓa mummunan haɗari, ka bi tarihin lambar jikinta. Kamfanin inshora zai kimanta ta a matsayin Lancer ta 2006, kayan da aka ƙara ba ya biyan su sai in ka bayyana su an rubuta, kuma inshorar yau da kullum ba ta shiga filin tsere.

Filin tsere shi ma yana da nasa sharuɗɗan, kuma nan ne mafarkin mota ɗaya mai aiki biyu yake cin karo da bango. Kana da sa'a, Texas Motorplex na garin Ennis, wanda aka buɗe a 1986, bai kai tafiyar awa ɗaya daga Dalas ba, kuma filaye irinsa suna da ranakun da kowa ke iya biyan kuɗi kaɗan ya gwada motarsa. A ƙa'idar NHRA, ƙungiyar da Wally Parks ya kafa a 1951 don a raba matasa da tsere a titi, in motarka tana gama rubu'in mil a daƙiƙa 13.99 ko ƙasa, sai da hular kwano. In ta kai 11.49, sai an girka bakan ƙarfe a bayan kujera, da bel mai ƙarin igiyoyi, da rigar da wuta ba ta ci da wuri. In ta kai 9.99 ko ta wuce mil 135 a awa, sai cikakken kejin ƙarfe. An yi wa sababbin motoci sassauci, amma bai sauko kan ta 2006 ba. Evo mai doki 600 na gaske motar daƙiƙa goma da ɗoriya ce, kuma gudunta yana gab da 135. In babu ƙarfen a cikinta, ja ɗaya za ka yi a ce ka rage gudu ko ka koma gida. In kuma akwai, to ka tuna an yi ƙarfen ne don kan da ke cikin hular kwano; ranar Litinin kana tafiya aiki ba hula, ƙaramin karo ya isa ya haɗa ƙeyarka da bututu. Kujerar baya kuwa ta tashi daga aiki, kada ka sa kowa a wurin.

Tsere a titi ba zan ja shi da nisa ba. Laifi ne a Teksas, an ƙara tsaurara dokar a 2023 har 'yan sanda na iya tafiya da motar, kuma kai baƙo ne, ƙaramin laifin da ɗan ƙasa zai biya tara ya wuce yana iya taɓa takardunka na zama. Mota mai gudun mil 130 tana cin kusan mita 58 a kowace daƙiƙa. A fili akwai bango, da wurin tsayawa, da motar asibiti a gefe, kuma babu mai fitowa daga kwana da yara a baya.

Tura ta gida kuwa, a yadda take, ka cire shi daga lissafi. Ba a sayar da E85 a famfo a Kano ko Abuja ko Yamai. Fetur mai lamba 93 na Amurka ya yi daidai da kusan 98 a ma'aunin da ake amfani da shi a sauran duniya, kuma ba shi ne man da za ka samu a gidan mai na unguwa ba. Sai an sauke matsin iska sosai an sake saiti, ka ga ka biya kuɗin doki 600 da kuɗin jirgi da na kwastan don ka tuƙa abin da bai kai rabinsa ba, ga ƙura da ramuka, ga mai saitin yana wata nahiya.

Game da farashi, kada jerin kayan da ya lissafa ya tsorata ka. Zai ce ya kashe dala dubu kaza, kuma wataƙila gaskiya ne, amma kasuwa ba ta mayar wa mutum kuɗin gyare-gyare. Evo IX da ba a taɓa ba, mai tsabta, ita masu tara motoci ke bi suna ƙara mata kuɗi, saboda ta yi ƙaranci. Ka tambaye shi ko ya ajiye kayan kamfani da ya cire, tarbo, salansa, ƙwaƙwalwa, akwatin iska; in suna nan, su shiga cikin ciniki. Ka kuma tambaye shi dalilin sayarwa, ka bar shi ya yi ta magana kada ka katse shi. Inji da aka gama ginawa mil ɗari biyar da suka wuce kuma ga shi a kasuwa ya fi ba ni tsoro a kan wanda ya yi mil dubu goma sha biyar yana aiki, domin na biyun ya riga ya nuna an haɗa shi daidai.

Da ni ne kai, da kuɗin nan a hannu, zan nemi Evo VIII ko IX mai giya biyar wadda ba a buɗe injinta ba, ko wadda aka yi wa ƙananan canje-canje kawai. In yi mata bel da ruwaye da birki da tayoyi masu kyau, in sa salansa da famfon mai da nozul, in kai wa mai saiti ɗaya da na yarda da shi. Da tarbonta na kamfani da E85 tana haura doki ɗari uku da hamsin a taya, tana tashi da wuri, sanyin ɗaki na aiki, kuma a hannun wanda ya iya tana shiga daƙiƙa goma sha biyu har ta leƙa sha ɗaya. Wanda bai taɓa tsayawa gaban fitilun tashi na filin tsere ba, wannan ma zai ɗauke shi shekara kafin ya ƙure ta. Ragowar kuɗin in sayi 'yar tsohuwar motar zuwa aiki.

In kuwa zuciyarka ta nace sai wannan, aika masa saƙo yau ka nemi abu huɗu: takardar haɗa inji da rasiɗai, sunan mai saiti da lambarsa, takardar fili mai nuna gudun ƙarshe, da amincewarsa a kai ta garejin da ka zaɓa a kan kuɗinka. Abin da ya turo maka, ka turo mini in duba.